Bikin Buɗewa da Gwajin Aiki: Sharhi a kan Yadda Muke Karɓar Manyan Ayyuka

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi suka ga wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, watau ɗaukar bikin buɗe aiki a matsayin shaidar kammaluwarsa. Tushen ruɗanin yana cikin harshe. Turanci yana da kalma guda mai ma'ana biyu: gwajin da injiniyoyi ke yi wa na'urori kafin a karɓe su, da kuma shagalin da manya ke halarta. Masu fassara labarai suka riƙe ma'ana ta biyu suka ce "ƙaddamarwa", ta farkon kuwa ta rasa suna a bakin jama'a. Abin da ba shi da suna kuwa, da wuya a tambayi inda ya kwana.

2.0 Mene ne Gwajin Aiki?

Gwajin nan hawa-hawa ne. Da farko akan gwada na'ura a masana'antar da ta ƙera ta. Bayan an girka ta, sai a tayar da ita ita kaɗai, ba tare da an ɗora mata nauyi ba. Daga nan a haɗa ta da 'yan'uwanta, a ga ko famfo da janareto da na'urar kashe gobara suna jin maganar juna. Sa'an nan a bar su su yi ta aiki na wani ƙayyadadden lokaci ba tsayawa. A ƙarshe ɗan kwangila ya miƙa zane-zane da littattafan gyara, ya horar da waɗanda za su riƙe aikin, a kuma riƙe masa wani kaso na kuɗinsa, galibi har shekara guda, domin gyaran aibin da ya ɓullo. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya yi cinikin biri a sama.

3.0 Misalai

Madatsar Kainji, wadda tafkinta ya kai ƙasar Yawuri, maƙwabciyarmu a nan Zuru, an tsara ta ne da gurbin injina 12. Sa'ad da Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969, injina 4 ke aiki, aka ƙara wasu 4 a shekarun 1970, ƙarfinta ya kai megawat 760. Abin yabo a nan shi ne, abin da aka buɗe yana ba da wuta.

Ajaokuta kuwa akasin haka ne. A 1983 Shugaba Shehu Shagari ya buɗe sashen murza ƙarfe, alhali babban tanderun narkar da tama, wanda shi ne zuciyar masana'antar, ba a taɓa hura shi ba. Irin wannan tanderu in an hura shi ba a kashewa sai bayan shekaru, saboda haka dole tamar Itakpe da gawayi da farar ƙasa da jirgin ƙasa da lantarki su kasance a shirye gaba ɗaya. An buɗe wutsiya ke nan tun ba a ga kai ba.

Wani zai ce jinkirta buɗewa abin kunya ne. To, a Jamus an shirya buɗe sabon filin jirgin sama na Berlin a watan Yuni 2012, aka fasa ana saura makonni kaɗan, domin na'urorin kariya daga gobara ba su samu amincewar hukuma ba. Sai a Oktoba 2020 aka buɗe shi. An yi asarar kuɗi, an sha ba'a, amma takardar mai gwaji ta rinjayi ranar biki.

Mu malamai ma abin ya shafe mu. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injinan koyar da sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai. Ni da kaina, wajen duba ɗalibai masu koyon koyarwa a wata makaranta a ƙasar Zuru, na iske ragowarsu sun yi tsatsa a ɗakin ajiya. Ba a taɓa ja musu wuta ba, balle a gwada su.

4.0 Kammalawa

Ba bikin nake suka ba, matsayin da aka ba shi nake suka. Ina ba da shawara uku. Ta farko, masana harshe su tsayar da "gwajin karɓa" a matsayin suna na daban, 'yan jarida su riƙa tambayarsa. Ta biyu, kada a sa ranar biki sai injiniyan da ba ya ƙarƙashin ɗan kwangila ya sa hannu. Ta uku, kwalejojinmu su shigar da wannan darasi cikin manhajar malaman fasaha, domin ɗalibanmu na yau su ne za a miƙa wa mabuɗin ɗakin injin gobe.