Gwanin da ke yi wa rumbun bayanai fihirisa

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san tsohon yaron shago, wanda da ka faɗi lambar zane zai miƙa hannu sau ɗaya ya zaro turmin daga tsakiyar ɗaruruwa. Sabon yaro kuwa sai ya birkita sito kaf. Haka manhajar lissafin kaya take: akwai wadda gwani ya tsara wa fihirisa, akwai wadda aka bari kara zube.

Manhaja irin Odoo, wadda ke zaune kan rumbun bayanai na PostgreSQL, tana rubuta kowane kaya da ya shiga ko ya fita a layi guda. Shekara na bin shekara, layukan sun kai miliyoyi. Idan akawu ya tambaya katan nawa na sabulu ya rage a reshen Zariya, kuma babu fihirisa, sai kwamfuta ta bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, direba na zaune a mota yana jiran takarda.

Tsarin fihirisar da aka fi amfani da shi, B-tree, Rudolf Bayer da Edward McCreight ne suka ƙirƙiro shi a ɗakin binciken kamfanin Boeing, suka wallafa shi a 1972. Kowane shafinsa na ɗauke da ɗaruruwan lambobi a jere, kowace na nuna shafin da ke ƙasa da ita, har ta kai taku uku ko huɗu sun isa a cimma layi ɗaya cikin miliyoyi.

Ɗora fihirisa umarni ne na layi ɗaya, kowa na iya yi. Abin da ke burge ni da gwanin wannan aiki shi ne haƙurinsa. Ba ya taɓa komai sai ya sa umarnin EXPLAIN ANALYZE, wanda ke sa rumbun ya bayyana hanyar da ya bi da lokacin da ya ɓata a kowane mataki. Daga nan ya zauna kan jerin ginshiƙai, kuma a nan gwaninta take. Fihirisar da ta fara da lambar kaya, sai reshe, sai kwanan wata, tana kai ka kan sabulun Zariya kai tsaye, ka karanta kwanakinsa a jere. Ka sa kwanan wata a gaba, sai kwamfuta ta ratsa cinikin duk kayan watan da ake nema kafin ta tsamo sabulun. Ginshiƙan dai su ne, jerin kawai aka sauya, amma saurin ya sha bamban.

Sannan ya san kowace fihirisa tana da haraji. Duk sabon layin da ya shigo sai an rubuta shi a cikin kowacensu, don haka ranar da tirela ta sauke kaya, fihirisa goma na nufin ƙarin rubutu goma kan kowane layi. Shi ya sa yake duba ƙididdigar da PostgreSQL ke ajiyewa ta yawan amfani da kowace fihirisa, ya cire wadda ba ta tsinana komai. Wani lokaci ya yi ƙarama wadda ta ƙunshi odar da ba a kai ba kaɗai, tunda ita ake tambaya kullum. In zai gina sabuwa da rana tsaka, yakan haɗa da CONCURRENTLY, don kada a kulle wa masu shigar da kaya hanya ana tsakiyar ciniki.

'Yan kasuwarmu da manhaja ta fara yi wa nawa, kafin ku zuba kuɗi kan sabuwar kwamfuta, ku nemo mai wannan sana'a ya duba muku fihirisa, kuma ku biya shi haƙƙinsa yadda ya kamata.