Kowane Harafi da Gurbinsa

A ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba a wasa da takardar cinikin fili. Shekara da shekaru masu tafireta na bakin kotu da sakatariyar ƙaramar hukuma ne suka riƙa buga ta, kuma gwanintarsu ta fi ƙarfin yabon da ake yi musu.

Tafireta ba ruwanta da harafi siriri ko mai faɗi. Duk bugu ɗaya, takarda ta gusa daidai gwargwado, kamar yadda mai saran shuka ke jera ramukan gero taku bayan taku. Wasu injinan harafi 10 suke jerawa a inci ɗaya, wasu 12. Nan masu zana haruffa suka sha aiki, domin "i" ba ta da jiki, "m" kuwa ƙafa uku gare ta, kuma dole su zauna a gurbi iri ɗaya. Sai suka shimfiɗa wa "i" da "l" gindi mai faɗi, suka matse "m" da "w", suka zagaye "o" sosai, har layi ya fito ba giɓi ba cunkoso. Zanen da ya fi shahara shi ne Courier, wanda Howard Kettler ya yi wa kamfanin IBM na Amurka a tsakiyar shekarun 1950.

Abin da ke burge ni shi ne yadda gwanin tafireta ya mai da wannan ƙa'ida lissafi. In zai ɗora kan magana a tsakiya, sai ya kai injin tsakiyar takarda, ya ja baya sau ɗaya a kan kowane harafi biyu, sannan ya buga. Ba ma'auni, ba gwaji. Kuɗin gona kuwa lamba na sauka ƙarƙashin lamba, sunayen shaidu a jere, ga kofi biyu ko uku ta takardar kabon. Tsofaffin injina da dama ba su da lamba 1, da ƙaramar "l" ake bugawa. Ba su kuma da ɓ, ɗ da ƙ, don haka mai kula da aikinsa yakan bi da biro ya ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.

Kwamfuta ta ture tafireta, amma haruffan suna nan. Rasit ɗin mai POS a kasuwar Dambatta yawanci da su ake buga shi; ƙaramar takardar nan mai faɗin milimita 58 kan ɗauki harafi 32 a layi, shi ya sa kuɗin ke tsayawa daidai a gefen dama. Masu rubuta manhaja ma su suke so, har ana ratsa wa sifili layi don kada ya rikice da "O".

Matasanmu masu koyon zane a kwamfuta, ku zana mana irin waɗannan haruffa da ƙugiyoyin Hausa a cikinsu tun daga farko.