Kafin a haska wa ɗalibanmu fim ɗin kodin



Wasu matasan masallaci sun kawo shawarar a haska wa ɗaliban madarasa fim ɗin nan na BBC, Sweet Sweet Codeine, don su ji tsoron shaye-shaye. Niyyarsu mai kyau ce, Allah Ya saka musu. Na kalle shi sau biyu a waya, kuma ban goyi bayan a haska wa yara ba.

Fim ɗin ya fito a ƙarshen Afrilun 2018. 'Yar jarida Ruona Meyer, wadda ɗan'uwanta ya faɗa wannan bala'i, ta bi sawun maganin tari mai kodin a Najeriya, tun daga masu fitar da shi ta bayan fage har zuwa hannun matasa. Aiki ne na jarunta, kuma bai tafi a banza ba: washegari gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin da shigo da shi.

To amma ƙarshen hanya ya nuna. Wurin da ya fi girgiza mai kallo shi ne gidan gyaran hali na Ɗorayi a Kano, inda aka ɗaure samari da sarƙa. Yaro ɗan shekara 14 da ya fara zuƙar bango a bakin tur'a, ko ya karɓi tiramadol don ya iya yini a hawasha, ba zai ga kansa a cikin waɗancan ba. Cewa zai yi ai waɗannan mahaukata ne, ni kuwa lafiyata ƙalau. Farkon abin, wanda shi ne namu, fim ɗin bai tsaya a kai ba: yaron da makarantarsa ta rufe bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, wanda ya yi gudun hijira daga Madani ya dawo ba aiki ba karatu, ya daina zuwa Asuba, barcinsa ya juye, kuɗin cefane suka fara yin ƙafa.

Tsorona na biyu ya fi girma: kada wani uba ya ga sarƙar ya ɗauka ita ce magani. An gwada. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Kada mu ce can ne kawai. A 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna yara ɗaure a wasu halwowi nan Sudan. Mari yana riƙe ƙafa, amma ranar da aka kwance, yaro na komawa wurin abokansa da ƙarin ƙiyayya ga gidansu.

Ɗalibanmu sun san haramcin giya a hankali ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Kuma a Bukhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda sha. Wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, ba a kore shi daga jama'a ba. Mu kuwa shiru muke yi don kunya, har sai abu ya ɓaci mu fara tsinuwa.

Don haka a haska wa iyaye da malamai, bayan Isha'i, a gayyato ma'aikacin asibiti ya yi bayani. Da yawanmu ba mu san yawan tiramadol na jefa mutum farfaɗiya ba, sai mu ce aljanu ne. Ba mu san wanda ya saba da shi in ya daina farat ɗaya jikinsa na rikicewa ba, sai da taimakon likita. Su yaran, a raba su biyar-biyar, kowane rukuni da babba guda da suka yarda da shi, wanda in an gaya masa magana ba za a ji ta gobe a kasuwa ba. Wanda zai iya ɗaukar rukuni ya ba liman sunansa ranar Juma'a.