Zauren Baƙi da Fagen Kaka: Giɓin da ke Cikin Rubutunmu Kan Ƙasar Gobir

Duk marubucin da aka ambata wa garin Isa, kafin ya tuna gulbi ko kasuwa, Narambaɗa ne zai fara faɗo masa a rai. Wannan kuwa ba laifi ba ne. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya kai matsayin da ɗalibin Hausa ba zai gama karatun waƙar baka ba sai ya bi ta kansa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ba shi gurbi a cikin Makaɗa da Mawaƙan Hausa na 1996, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi masa littafi sukutum a 2009. Kundayen digiri a Sakkwato da Kano da Zariya kuwa ba a magana. Mun yaba, mun kuma amfana.

To amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, 'yan uwa marubuta, shi ne mun lura idanunmu duka sun tsaya cak a ƙofar fada. Muna nazarin zambo da habaici da kirarin sarki, muna warware Bakandamiya ɗa bayan ɗa, amma ba mu cika tambayar inda makaɗi yake kwana ba idan ya bar gida, ko wane ne ke fito masa da akushi, ko a wane fage ya fara gwada murya tun babu wanda ya san sunansa. Wurare biyu ne suka reni fasahar wannan yanki kafin fada ta karɓe ta: zauren mai masauki da fagen kaka. Dukansu biyu sun yi ƙaranci a cikin nazarinmu, a ƙagaggun labaranmu kuwa kusan babu su sam.

Bari mu fara da masauki, domin matasa da yawa daga cikinmu sun tashi sun tarar da otal ne kawai. A ƙauyukan Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, baƙo ba ya neman ɗakin haya. Sana'arsa ce ke nuna masa ƙofar da zai yi sallama. Malami ko almajiri gidan liman za a kai shi. Ɗan dambe da makaɗin kalangunsa sai gidan sarkin fawa, saboda dambe wasan mahauta ne tun asali. Makaɗi ya nemi sarkin makaɗa, maharbi ya nemi sarkin baka, 'yan kokowa su faɗa hannun sarkin samari, mata masu zaman kansu kuma su nufi gidan magajiya. Falke da ɗan tireda suna da mai gidansu a kusa da kasuwa, wanda zai ajiye musu kaya, ya ɗaure jaki ko raƙumi, ya nemo mai saye, ya tsaya musu idan ciniki ya zama na bashi, ya ci la'adarsa. Ba a biyan kuɗin tabarma, ba a biyan na buta ko na ƙwaryar fura. Amma kowa ya san ba a tafiya haka nan: akwai goro, akwai turmin atamfa na uwargida, akwai kuma alkawarin cewa baɗi ma nan za a sauka. Abin mamaki, Turawa sun riga mu rubuta wannan tsari. Polly Hill ta yi rubutu a 1966 kan masu masaukin fataken shanu a Kumasi, Abner Cohen kuma ya fitar da littafi a 1969 kan masu gidan Sabo ta Ibadan. Su tattalin arziki suka je nema. Hirar dare da ke cikin zauren, wadda ita ce rabon marubuci, tana nan inda suka bar ta.

A wannan yanki kuwa zauren yana da wani armashi na daban. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobir ta rabu gida-gida. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe na gidan sarautar ya dawo ya kafa Sabon Birni, a Isa kuma zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke riƙe da sarautar da ita ma ake kira Sarkin Gobir. Sannan Ingilishi da Faransi suka zo a farkon ƙarni na 20 suka ja layi a tsakiyar dangi. Saboda haka a zaure guda za ka iya tarar da jikan wanda aka ci da yaƙi da jikan wanda ya ci, da mutumin Faransi da na Ingilishi, ga Buzu mai kanwa, ga Bayarabe ɗan koli yana shan tsiyar taubasansa Bagobiri, duk hannu a akushi ɗaya. Wane marubucin wasan kwaikwayo ne zai nemi dandamalin da ya fi wannan?

Sai kuma lokaci. Fasahar karkara tana da zangonta a shekara, kamar yadda gero yake da nasa. Da damina kiɗan noma ne ke tashe, ana gayya, makaɗi yana bin bayan manoma da ganga yana zuga su kunya bayan kunya. Sabon Birni ta fitar da Maidaji, wanda sunansa ya zagaya a wannan fanni. Amma babbar kasuwar fasaha sai an ɗaure dammuna. Daga kaka har zuwa tsakiyar rani, rumbu ya cika, hanya ta bushe, aure ya yawaita, sai gari ya gayyaci gari. A yi kalankuwa, a yi dambe da kokowa, 'yan tauri su fito, 'yan hoto su cilla haukoki sama, 'yan kama da 'yan gambara su bi kasuwa suna ba da dariya, goge kuma ya kwana yana kuka a gidan magajiya. Karin da ake yi wa makaɗi a irin wannan fage sau da yawa dami ne, ko akuya, ko riga daga wuyan mai ita. Mai masauki ne ke adana abin da aka samu, shi ke gaya wa baƙonsa wane ne mai hannu a garin, wane ne marowaci, wa ya gaji wa, wace magana ce ba a taɓawa. Mu kan yi mamakin yadda makaɗi ke jero asalin mutum kaka da kakanni kamar ya haddace daga littafi. Littafinsa shi ne mai masauki da tsofaffin da ke zuwa hira bayan lisha.

A nan ne muke ganin nazarinmu ya gaza. Masu tarihin Narambaɗa sun nuna cewa bai fara da fada ba, ya taɓa waƙar noma tukuna. Amma wannan magana kan zo a layi biyu ko uku a babin tarihin rayuwa, sai a wuce zuwa abin da ake ganin shi ne aikin gaske. A ganinmu an kifar da ƙwaryar. Kaifin zambonsa, da sanin dabbobi da tsuntsaye da itatuwa da ya cika waƙoƙinsa, da iya auna lokacin da zai saki magana 'yan amshi su cafe, ba a zaman fadanci kaɗai ake samun su ba. Fage ne ke koyar da wannan, inda idan ka gundure mutane za su juya maka baya su tafi kallon dambe. Dalilin giɓin ma ba ɓoyayye ba ne. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma na'urar ɗaukar magana ta wancan zamani ƙofar manya ta sani. Abin da ta ɗauka shi gidajen rediyo suka yi ta sakawa, shi ɗalibai suka juya a takarda, har muka ɗauka iyakar abin da aka yi ke nan.

Magabatanmu a rubutun zube ba su yi wannan sakaci ba. A duba Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933. Gaba ɗayan littafin hira ce tsakanin mai gida da baƙonsa, Koje Sarkin Labari, kuma duk yawon da Alhaji Imam ya yi, daga masauki ne zuwa masauki, a nan yake gamuwa da Malam Zurƙe, a nan ake ƙulla tsiya a kuma warware ta. Imam ya gane cewa baƙo mutum ne da ba a san asalinsa ba, zai iya zama kowa, zai iya yin ƙarya a gaskata shi har zuwa wayewar gari. Almajiran da suka karanta Muƙamar Hariri sun san wannan dabara tun kafin boko, kuma a Ingila ma labaran Chaucer daga wani masauki matafiyan suka tashi.

Yanzu a ɗauko littattafan da muka yi ta fitarwa tun daga tsakiyar shekarun 1980, har zuwa waɗanda ake karantawa a waya a yau. Idan jarumi ya yi tafiya, otal zai sauka. A ba shi makulli, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya yi wanka, ya kira masoyiyarsa. Ba ya gamuwa da kowa, ba wanda ya tambaye shi ɗan gidan wane ne. Otal ɗin Kano da na Abuja da na Dubai duk ɗaya ne a takarda, za ka iya musanya su labari bai motsa ba. Ƙauye kuwa wuri ne da ake gudowa daga gare shi a babi na farko, ko a mayar da muguwar kishiya can a babi na ƙarshe. Idan an yi sa'a wani Bagobiri ya shigo labari, to direba ne ko mai gadi, an sa masa "mi" da "wanga" guda biyu a baki don a yi dariya, sauran maganarsa kuma Kananci tsantsa. Mun san amsar da za a ba mu, cewa mai karatu mafarki yake saye, ba ya son a mayar da shi inda ya fito. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai Ruwan Bagaja ya haura shekara 90 ana sayensa, ba mu kuwa ji wanda ya ce ya gundure shi ba.

Kada kuma wani ya ɗauka muna kiran a yi wa ƙauye kwalliya ne. Masauki yana da nasa duhun. Akwai dillalin da ke cin baƙo da mai saye gaba ɗaya, akwai zauren caca, akwai gidan da kowa ya san ɓarayi ke sauka amma ba mai faɗa, akwai yarinyar da ta gudo daga auren dole ta ƙare a gidan magajiya. Akwai kuma doguwar jayayya tsakanin malamai da makaɗa, wadda ta ƙara zafi bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Sakkwato ta biyo baya a 2000. Wanda zai rubuta zauren da gaskiya sai ya shigo da waɗannan duka, ya bar kowa ya faɗi hujjarsa da bakinsa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kowa ya san shi. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A 2021 aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka katse layukan waya na wani lokaci, a Disambar shekarar kuma aka ƙona matafiya a cikin mota. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu sun watsu a Sakkwato da sauran garuruwa. Garin da ke biyan haraji kafin a bar shi ya girbe gonarsa ba zai kira kalankuwa ba. Mafi ciwo ga batunmu shi ne abin da ya sami baƙunta ita kanta. Mutanen da suka tashi da jin cewa baƙonka annabinka, yau idan baƙuwar fuska ta yi sallama sai gaba ya faɗi, ana tunanin ko ɗan leƙen asiri ne. Mai masaukin da ya sauki dubu, ga shi ya zama baƙo a kangon wani, yana jiran a miƙo masa tabarma. Mun ga waƙoƙi da gajerun labarai masu yawa kan ta'addanci a 'yan shekarun nan, galibinsu ƙirgar gawa ne da la'anta. Ba mu ce kada a yi ba, amma labarin dattijon da ke tsaye a bakin zaurensa da magariba, yana shawarar ko ya amsa sallama ko ya yi shiru, ya fi su nauyi nesa ba kusa ba.

Matasan da ke turo mana rubutu suna tambayar inda za su samo jigo, ga shi nan a kusa da su. Ba sai an shiga daji ba. Tsofaffin sarakunan fawa da sanƙirori da 'yan amshi da matan da suka shekara talatin suna tuƙa tuwon baƙi suna nan a unguwannin da aka yi gudun hijira, kuma wayar da ke aljihunka ta fi na'urar da aka ɗauki Narambaɗa da ita. A je da goro, a gaida su yadda ya kamata, a bar su su yi magana da Gobirancinsu, kada a gyara musu shi wajen juyawa a takarda. Kada a fara da tambayar shekarar haihuwa. A tambayi Baba wane makaɗi ne ya fi cin tuwo a cikin waɗanda ya sauka, wane ɗan dambe ne ya kwana yana kuka bayan an kashe shi a fage, wane baƙo ne kuma ya sulale da asuba ya bar jakinsa a ɗaure.