Hannun da ke tsiyayo jinin cibiya

A zangunan Salaga da Yendi da Bawku na arewacin Ghana, kowa ya san aikin ungozoma: ta ɗaure cibiya, ta yanke, a wanke mabiyiya a binne. To ashe jinin da ke saura a igiyar cibiyar nan yana ɗauke da ƙwayoyin asali, irin waɗanda ke ƙera sabon jini a ɓargo. A 1988, a birnin Paris na Faransa, Farfesa Eliane Gluckman ta ƙara wa wani yaro ɗan shekara 5 mai cutar Fanconi jinin cibiyar ƙanwarsa, ya samu lafiya. Bayan 'yan shekaru aka buɗe rumbun farko na adana wannan jini domin jama'a a Amurka.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne aikin ma'aikaciyar ɗakin haihuwa. Ba ta gaggawar matse cibiya, sai ta bar jariri ya ƙarasa karɓar rabonsa na jini na kamar minti ɗaya. Tana yankewa, jini ya fara shirin daskarewa. Nan take ta goge igiyar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta laluɓo babbar jijiya a cikin ukun da ke ciki, igiyar kuwa santsi gare ta kamar tarwaɗa. Ta soka allura sau ɗaya, ta sauke jakar jinin ƙasa da gado, tana jujjuya ta a hankali don ya gauraya da maganin hana daskarewa. Duk abin da za a samu da ƙyar ya cika ƙaramin kofin shayi, kuma in datti ya shiga, shi ke nan, an yi asara. Ga mai jego tana jira, ga jariri yana tsala kuka, amma hannunta ba ya rawa.

Cikin awa 48 jinin ya isa ɗakin gwaji, a sa masa sinadarin da ke hana ƙanƙara fasa ƙwayoyin, a sanyaya shi sannu a hankali har digiri 196 ƙasa da sifili. An narkar da wanda ya haura shekara 20 a ajiye, aka tarar da shi da rai.

Batun wannan jini ya shafi masu sikila. Arewacin Ghana na cikin yankunan da nau'in jinin C, mai alaƙa da sikila, ya fi yawa a duniya, kuma kusan jarirai 2 cikin 100 a ƙasar da sikila ake haifarsu. Sai dai a kula da masu tallar ajiya don kuɗi: jinin cibiyar mai sikila ba ya warkar da shi, domin cutar na cikinsa. Na ƙane ko ƙanwa mai lafiya ake nema, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma damar ya dace ɗaya ce cikin huɗu.