Jinjina ga Masu Ɗinkin Kujerun Mota na Potiskum

A Potiskum, garin manyan motoci da kasuwar shanu, kowa ya san darajar bakanike da mai gyaran birki. Mai ɗinkin kujerun mota kuwa ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali shi ke mayar wa tsohuwar mota mutuncinta.

A kawo masa Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko wata tsohuwar Honda mai ƙofa biyu da saurayi ya sayo da guminsa. Zafin bazara ya tsattsaga ledar, ƙurar hunturu ta shige ko'ina, silin ya saki yana shafar kan direba. Sai ya kwance kujerun, ya farke tsohuwar rigar a hankali, domin ita ce ma'aunin da zai yanka sabuwa da shi. Ya yanke soson da ya mutu, ya liƙa sabo da gam, ya hau keke. A ganina gwanintar tana wajen ɗamewa: ledar ta kwanta lif ba tattara, ɗinkin ya miƙe har lungun da ido ba ya kaiwa. Mai ƙofa biyun ta fi ba da wuya, saboda kujerar gaba kullum cikin lanƙwasawa take don a shiga baya, nan ne ɗinkin ganganci ke fara ɓarkewa.

Direban da ke zirga-zirga tsakanin Potiskum da Kano ko Maiduguri, bayansa ne shaida.

Masu motoci, ku biya su haƙƙinsu ba ja-in-ja, ku kuma riƙa ajiye mota a inuwa don aikin ya daɗe.