Gobara da Rijiya: Tsokaci a Kan Littattafai Biyu

A wannan zango mun sake bin littattafai biyu daga cikin waɗanda suka yi tashe a zamanin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, wato Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, da In Da So Da Ƙauna na Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda kowannensu ya warware ƙullin labarinsa, domin a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe.

Ƙarfin littafin Hajiya Balaraba yana cikin tsakar gida. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'ya tara, ita kuwa ta kama sana'ar sayar da abinci don ta riƙe su. Marubuciyar ta san zafin rashin cefane da nauyin kuɗin makaranta, shi ya sa mai karatu yake jin abin a jikinsa. Amma da aka zo hukunta Alhaji Abdu, sai gobara ta cinye masa kanti a kasuwa. Gobara ba ƙarya ba ce, kasuwannin Kano sun sha ta. Sai dai a labari ta zo daidai lokacin da ake bukatarta, kamar an aike ta. Abin da ya ceci littafin shi ne abin da ya biyo baya: mutumin ya tsiyace, kuma Rabin da ya wulaƙanta ita aka taru a kanta har ta karɓe shi. Wannan ɗaci gaskiyar rayuwa ce, ya kuma fi gobarar tsayawa a zuciya.

A littafin Malam Ado, Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, manyan gidansu kuwa sun karkata ga Abdulƙadir mai kuɗi. Da aka matsa mata, sai ta faɗa rijiya. An daɗe ana sukar wannan wuri ta fuskar tarbiyya. Mu tamu damuwar ta fuskar ginin labari ce. Rijiyar ta ɗauke wa marubucin aikin da ya fi wuya, wato zaman da yarinya za ta yi da magabatanta, hujja ta kara da hujja cikin ladabi, har wani ya sauko. Duk da haka, zaƙin hirar masoyan da sauƙin Hausarsa su suka sa matasa suka yi ta wawason littafin, kuma ba mu ga wanda zai ƙwace masa wannan ba.

Jan hankalinmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, shi ne a rage dogaro da haɗarin mota da gobara da ciwon farat ɗaya wajen kashe labari. Ƙaddara gaskiya ce, amma marubuci shi ya ƙulla, shi ya kamata ya kwance. A bar halin tauraro ya jawo masa abin da zai same shi, tun daga babin farko mai karatu yana hango hadarin yana haɗuwa. Kafin mu kai rubutu maɗaba'a, mu cire masifar da ke babin ƙarshe mu gani ko labarin zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.